Waken da Ya Tsiro a Ƙirjin Nomau

Tun ina ƙarami ni mai yawan tambaya ne, kuma ba wanda ya sha wahalar wannan hali nawa kamar kakata Inna Kuluwa, wadda ta haifi mahaifiyata. A Babban Duhu take zaune, ta wajen Safana, mu kuwa gidanmu yana Darini a ƙasar Batsari. Duk shekara idan an gama yankan gero aka shiga roron wake, sai a kai ni can tare da yayata Hanne mu kwana biyu, wai mu taya tsohuwa aiki. Hanne dai takan taɓuka abin kirki. Ni nawa aikin bai wuce cin ɗanyar gyaɗa da bin 'yan awaki ba.

Gidan Inna na ƙasa ne, da rumbuna a tsakar gida da wata tsohuwar tsamiya da ta leƙo ta kan katanga. A irin wannan lokaci ko'ina ka juya harawa ce a ɗaure bisa rufin ɗaki, ƙanshinta ya gauraye da hayaƙin kara. Idan an ci tuwo an yi sallar isha, iska ta fara ɗan sanyi, sai Inna ta kwaso garwashi daga murhu ta zuba a tsakar gida, ta ɗora kara da guntun itacen marke. Kafin wutar ta kama sosai yaran maƙwabta sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan buhun da zai zauna a kai. Daga can bayan gari kuma kana jin kukan shanun Fulanin da suka sauka cin karan gonaki.

Inna ba ta yin tatsuniya kyauta. Kowane yaro sai ta zuba masa tulin kwanson wake a gabansa, hannu na ɓara kunne na saurare. Ita kuma ta jingina da turmi, ta goga goronta a magogi saboda haƙoranta sun yi saura kaɗan, ta watsa a baki. Tana da nata salon buɗe zance, ba irin wanda aka saba ji a kowane gida ba. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa zai ara mini kunne?" Mu ce, "Ga namu, Inna." Ta ce, "To kunne na ara, ban ari baki ba." Da ni take wannan maganar, kowa ya sani.

Daren da nake son ba da labari, ni na jawo tatsuniyar da kaina. Na gaji da ɓara, sai na shiga wasa da ƙwayar wake, in cilla sama in cafe da baki. Yara na ta dariya, ni kuma kaina na ƙara girma. Ana cikin haka wata ƙwaya ta wuce mini inda ban aike ta ba. Numfashi ya tsaya, idona ya firfito, na kama wuya ina kakari. Ban san lokacin da tsohuwar nan ta miƙe ba. Na dai ji dundu a tsakiyar bayana, wake ya yi tsalle ya faɗa cikin wuta.

Da na dawo hayyacina ina share hawaye, sai ta koma ta zauna tana haki, ta ce, "Kai angona marar cefane, so kake ka bar ni da takaba? Ko Nomau kake son zama?"

Muryata ba ta gama dawowa ba na ce, "Inna, wane ne Nomau?"

Ta ce, "Ka ji shi ko? Yanzu ya dawo daga bakin lahira, tambaya ya fara." Sai ta ari kunnuwanmu ta soma.

Ta ce a wani zamani an yi fari, shekara ta bi shekara sama ba ta zubo abin kirki ba. Mutanen wani gari da ke bakin daji suka share rumbunansu, suka ci dusa, suka ci tafasa, daga ƙarshe suka kai hannu ga abin da manomi ba ya taɓawa, wato iri. Da hadari ya fara haɗowa a gabas sai gari ya farga, ga ruwa tafe amma ba abin da za a sa a ƙasa. Dattawa suka zauna suka zaɓi wani mutum mai suna Nomau, don shi mai ƙafa ne kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Suka ce ya ratsa daji ya je garuruwan da ke bayansa ya roƙo iri, ko da cikin tafin hannu ne.

Nomau ya yi ta tafiya, duk inda ya shiga sai ya tarar su ma hannu rabbana. A can wani ƙauye ne wata tsohuwa ta tausaya masa, ta zuba masa wake a 'yar gora ta toshe bakin da ganye. Ya juyo gida yunwa na nuƙurƙusarsa, amma bai yarda ya ci amanar gari ba. Ƙwaya ɗaya kawai ya ɗauka ya sa a ƙarƙashin harshe don ta riƙa tara masa yawu. Da ya iso gulbin da ya tsallaka a bushe lokacin tafiya, sai ya tarar ruwan farko ya sauko daga tudu. Ya shiga, ruwa ya kwashe masa ƙafa, ya ja numfashi da ƙarfi don firgita. A nan Inna ta ɗaga yatsa ta nuna maƙogwaronta ta ce, "Ƙofa biyu ce a nan, ta tuwo da ta iska. Waken Nomau ta iska ya bi." Gorar kuwa ruwa ya tafi da ita.

Ya iso gari ba komai a hannunsa, mutane suka ce ya cinye irin ne a hanya. Ya yi rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Aka daina gaishe shi, idan ya zo inuwar da ake hira sai a watse. Matarsa Tabawa kaɗai ta ce ita ta san mijinta. Ba a jima ba tari ya kama shi, irin wanda ba ya fitar da komai. Sai ƙishirwa, ya sha ruwa kamar rairayi. Sai kuma wani hali da bai saba ba, da hantsi ya fito ya zauna ya fuskanci rana ya buɗe baki. Awakin gari suka shiga binsa suna shinshinar numfashinsa. Wata safiya Tabawa ta kawo masa kunu, ya yi hamma, ta hango wasu 'yan ganye biyu kore shar a can cikin maƙogwaronsa.

Mu yara duk mun daina ɓara, Inna ta ƙwanƙwasa ƙwarya ta ce hannu ya koma aiki, sannan ta ci gaba.

Kafin azahar gari ya cika gidan Nomau. Aka kira wanzami, wanda ya saba cire wa jarirai beli, ya leƙa ya ce zai iya zare tsiron yanzu tun saiwa ba ta yi nisa ba, idan aka bari kuwa bai ɗauki alkawarin komai ba. Dattawa suka ce a'a, wannan ne kaɗai irin da ya rage a ƙasar nan, a bar shi ya yi 'ya'ya. Aka tambayi Nomau, magana ta riga ta gagare shi, sai ya gyaɗa kai. Suka yi masa rumfa a bakin gona, suka kwantar da shi, suka kafa sanda kusa da kansa. Wake ya fito ta bakinsa ya kama sanda ya yi ta yaɗo.

Mutanen da suka daina gaishe shi su ne yanzu ke layi safe da yamma, kowa da ƙoƙon ruwansa. Inna ta canza murya tana kwaikwayonsu: "Ina kwanan wake? Ya yi fure? Kai, madalla, ji yadda ya yi kyau!" Sai ta sauke murya ta ce, "Duk garin nan ba wanda ya ce, Nomau, ya jiki?"

Tabawa ce ke ɗura masa kunu ta gefen baki. Tana kallo ganye na ƙara kore, mijinta na ƙara bushewa, har haƙarƙarinsa suka fito fili. Wake ya yi fure, ya ɗaura kwanso. Na farko ya nuna ya bushe, sauran suna ɗanye a bayansa. Dattawa suka ce a ƙara haƙuri sauran su nuna. Da rana ta take kowa ya shige inuwa, sai Tabawa ta tsinke busasshen kwanson ta ƙulle a bakin zanenta, ta je ta jawo wanzami ta ce ya cire. Wanzami ya ce yana tsoron dattawa.

Nan Inna ta gyara zama, don wannan wurin ta fi so. Ta ce Tabawa ta dubi wanzami ta ce, "Iri aka aike shi nema, ga iri a zanena. Ba a aike shi ya zama gona ba."

Wanzami ya yi bisimilla ya kama ya ja a hankali. Saiwa ta yi ta fitowa, doguwa kamar wutsiyar doki, da jini-jini a jikinta. Nomau ya ja wani numfashi da sai da kajin unguwa suka watse. Ya rayu, ya tsufa, amma muryarsa ba ta ƙara wuce raɗa ba. Ƙwayoyin da ke cikin kwanson nan kuwa aka shuka su, da yake wake ba ya ƙin shukar baya, suka yi, aka raba, aka sake shukawa. Inna ta ɗebo wake daga ƙwaryar Hanne ta nuna mana a hasken wuta ta ce duk wanda muke ɓara jikokinsa ne. Wai shi ya sa kowane wake yake da ido, don a duhu kakansa ya tashi yana neman hanya. Kuma shi ya sa duk wanda ya cika cikinsa da wake sai iska ta dame shi, waken ne ke tuna ƙirjin Nomau. Muka fashe da dariya har wani yaro ya kifar da ƙwaryarsa. Ta ce, "To, ga kunnuwanku nan na mayar, kowa ya shafa ya ji nasa ne."

Ni dai ban ƙoshi ba. Na bi ta har bakin ɗaki ina tambaya. Ina waken ya sami ƙasa? Ta ina rana ta shiga kafin ya fito? Da gero ne ya faɗa, zangarniya za ta fito ta hanci? Ta ce, "Wanga yaro, kai dai ka daina wasa da wake a baki, shi ke nan karatunka." Hanne kuwa ba ruwanta da waken. Haushin mutanen garin ne ya cika ta, har muka kwanta tana cewa da ita ce Tabawa, ko ƙwaya ɗaya ba za ta ba su ba.

Washegari na jiƙa tsumma, na naɗe ƙwayar wake a ciki, na jefa a wata tsohuwar tukunya a ƙuryar ɗakin Inna na rufe da faifai. Kullum sai na leƙa. Kafin a zo ɗaukar mu, waken ya kumbura ya tsage, ya fito da wani farin ƙaho a lanƙwashe, ba ƙasa ba rana. Na kai mata a guje. Ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Ka gani ko? Da cewa kake tsohuwa ƙarya take." Daga nan ta ce in je in dasa shi a bayan rumbu, don ba kyau a tashi iri daga barci a bar shi.

Inna Kuluwa ta rasu ina makarantar sakandare. Na girma na zama malamin firamare a cikin garin Batsari, tatsuniyar Nomau kuma ta koma cikin abubuwan da mutum ke tunawa ya yi murmushi. Akwai wata rana da na ji a rediyo wai a Amurka likitoci sun sami wani irin koren wake nasu ya tsiro a huhun wani dattijo. Na yi mamaki, na ba abokan aikina labari, muka yi ta musu a kai, wasu suka ce ƙaryar 'yan jarida ce. Abin ya wuce kamar kowane labarin nesa.

Sai ga shi ya zo har gidanmu, ta kan Baffa Sale, ƙanen mahaifina. Manomi ne a yankin Ruma, kusa da daji, mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa ganin rumbunsa a buɗe ba komai a ciki ba. Da hare-haren 'yan bindiga suka yi yawa, aka kai ga noma kansa ya zama sayar da rai, sai ya kwaso iyalinsa ya dawo Batsari. Hanne, wadda ke aure a garin, ita ta ba su ɗakuna a gidanta. Mutumin da ya saba da garma bai iya zaman banza ba, sai ya riƙa zuwa kasuwa yana taya masu hatsi tankaɗe da ɗurin buhu.

Tari ya fara masa kamar wasa. Aka ce mura ce, aka sha magani, bai tafi ba. Zazzaɓi ya biyo baya, numfashinsa ya koma yana fita da wani ɗan fito, in ya taka daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutane suka fara raɗe-raɗin tarin fuka, aka ware masa kwano da moɗa, jikokinsa aka hana su shiga ɗakinsa. Wannan ya fi ciwon cin ransa. Na kai shi asibitin garin aka gwada majinarsa, aka ce ba tarin fuka ba ne. Aka ɗauki hoton ƙirji, sai ga wani farin tabo a huhun dama, ɓangare guda kuma kamar ya lotse. Wanda ya duba hoton bai faɗi sunan abin da yake zargi ba, ya dai ce mu wuce babban asibiti kada mu ɓata lokaci. A mota Baffa ya ce da ni, "Lawal, in ciwon dajin nan ne da ake faɗa, kada ka ɓoye mini. Ina da maganar da zan bar wa yara." Na ce masa insha Allahu alheri ne.

A babban asibiti likita ya ce za su zura wani siririn bututu mai fitila da ido ta maƙogwaro su ga abin da ke ciki, in ya kama su yanko kaɗan a gwada. Ni da Hanne muka zauna a benci muna jira. Da likitan ya fito sai na ga fuskarsa ba irin ta mai kawo mugun labari ba ce. Ya ce, "Ku ne 'yan'uwan Malam Sale? Ku zo ku ga abin da babanku ya ajiye." Ya miƙo wata 'yar kwalba. A ciki ƙwayar wake ce ta kumbura ta rabe biyu, ta yi baƙi-baƙi a gefe, ga farin tsiro ya fito bai kai tsawon farce ba.

Hanne ta ce, "Innalillahi!" ta dafe ƙirji. Ni kuwa tambayoyin da na bari a bakin ɗakin Inna su suka taso mini gaba ɗaya, kuma wannan karon na sami mai amsawa. Likitan ya yi haƙuri da ni. Ya ce iri yana tafe da guzurinsa a cikinsa, abin da yake nema don ya farka ɗumi ne da laima da iska, huhu kuwa duk yana da su. Amma ba zai yi nisa ba, in guzurin ya ƙare ba haske ba ƙasa sai ya mutu ya ruɓe. Haɗarin ba wai ya zama bishiya ba ne, toshe hanyar iska ne da ruɓar da ke jawo ƙwayar cuta, abin da ya kusa kayar da Baffa ke nan. Ya ce shi ma a littafi ya taɓa karantawa, bai taɓa gani da idonsa ba sai yau. Gyaɗa da ƙashin kifi a huhun yara dai sun saba cirowa. Dafaffen wake ba zai tsiro ba, don haka ɗanye ne ya shiga, yana son ya san ta yaya.

Baffa da kansa ya warware mana bayan ya farfaɗo. Ya ce a kasuwa ne, ya ɗauki ƙwaya ya sa a baki zai gwada ta da haƙori ya ji ko waken ya bushe, kamar yadda kowane manomi ke yi. Daidai lokacin tayar wata mota ta fashe a bayansa. Shi kuwa wanda ya taso daga Ruma, in ya ji ƙara irin wannan ba taya ke zuwa masa a rai ba. Ya zabura ya ja numfashi, ya sarƙe, ya yi tari har hawaye, aka ba shi ruwa abin ya lafa. Ya ɗauka ya haɗiye ne, bai sake tunawa ba.

Da muka dawo Batsari labari ya riga mu isa. Gidan Hanne ya koma kamar gidan suna. Waɗanda da suke tsallake ƙofar ɗakinsa suka cika shi, kowa so yake ya ga hoton kwalbar a wayata, kowa da tasa tambayar, tsawonsa nawa, ya yi ganye, fari ne ko ja. Har wani ya ce da an bar shi a ga iya gudun ruwansa. Hanne tana rabon ruwan sha ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce, "Jama'a, mai waken ma yana nan a kwance. A fara da shi." Aka yi dariyar kunya, aka shiga ya jiki, ya jiki.

Tun daga lokacin nake juya tatsuniyar nan a raina. Ina yaro na ɗauke ta gargaɗi ne kawai ga mai wasa da abinci a baki, kuma gargaɗin gaskiya ne, ni da kaina yanzu nake yi wa ɗalibaina shi. Daga baya na ga ashe rabin labarin ba na wake ba ne. Na mutum ne da amfaninsa ko abin mamakin da ke jikinsa ya rufe shi har aka daina ganinsa. Na sha ganin haka a wurin mai ciwo, na gani a wurin wanda ke ɗauke da gida shi kaɗai, kowa na tambayar abin da ya kawo ba mai tambayar yadda ya kwana. Akwai kuma abin da har yau ban sami amsarsa ba. Daga ina tsofaffinmu suka samo wannan labari? Ina zaton wata rana can da daɗewa, a wani ƙauye, wani ya yi tari ya fitar da tsirarren wake a gaban mutane, ba asibiti ba hoto, sai suka adana abin da suka gani ta hanyar da suka iya, suka miƙa wa jikoki. Ban tambayi Inna wa ya ba ta ba. Cikin duk tambayoyin da na dame ta da su, wannan ce ba ta zo mini ba.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, wata yamma na tarar da Baffa a ƙofar gida yana shan iska, jikarsa na zaune a cinyarsa tana wasa da carbinsa. Numfashinsa ya daidaita, kumatunsa sun fara cikowa. Na zauna muka gaisa, na ce masa har yanzu mutane na ta mamakin abin.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni ban ga abin mamaki ba, Lawal. Damina nawa ke nan ban sa iri a ƙasa ba? Shi iri bai san gudun hijira ba. Ya ga manomi, ya ga laima, ya yi abin da ya sani."

Na yi dariya, amma shi ya riga ya daina. Ya daɗe yana kallon gabas, inda gajimare ya fara taruwa. Sai ya ce ya ji wani maƙwabcin Hanne yana da fili a bayan makarantarmu da ba ya nomawa, ko zan raka shi gobe su yi magana, ko kunya kaɗan ce ya samu ya ja kafin ruwa ya sauka. Na ce likita fa ya ce ya huta. Ya ce ai hutun ne ya kusa kashe shi.

Da safe na zo ɗaukarsa, na tarar ya riga ya fito yana jirana a bakin hanya, da fartanyar aro a kafaɗa.